Tsakanin Tawadar Allah da Ciwon Daji

Da wuya a shiga gida a fita ba a tarar da mai wani ƙari ko tabo a fatarsa ba. Wata baƙaƙen ɗigo ne suka yi mata rumfa a kumatu da gefen ido tun tana budurwa, wani kullutu ne a ƙeyarsa shekara da shekaru, wata kunnenta ya yi ƙulli bayan huji, yaro kuma tusar jaki ta mamaye masa bayan hannu. Irin waɗannan su ke hana mutane sukuni. Su ake kai wa wanzami, su ake saya wa man shafawa a kemis, domin suna inda idon jama'a ke sauka. Amma kusan dukkansu ba sa kisa. Wanda ke kisa, in dai a jikin baƙar fata ne, ba kasafai yake zama a fuska ba. A tafin ƙafa yake laɓewa, ko ƙarƙashin farce, ko cikin tsohon tabon ƙuna, ko a gyambon da aka saba da shi har aka daina lissafa shi cikin ciwo. Kuskurenmu shi ne muna auna haɗarin ƙari da muninsa da girmansa da zafinsa, alhali ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne inda ya fito da yadda yake sauyawa daga wata zuwa wata.

Bari a fara sallamar marasa laifi, tunda su suka fi yawa. Ɗigon nan na fuska da wuya, daga girman ƙwayar gero zuwa na dawa, baƙi wuluk, wasu a tsaye kan ɗan siririn tushe, gado ne a jinin baƙar fata. Wani likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, ya yi bayaninsu tun 1925. Sun fi yawa ga mata, suna ƙaruwa da shekaru, kuma ba sa rikiɗewa su zama daji. Kullutun kitse a ƙarƙashin fata yake, fatar samansa lafiya lau, in aka danna shi sai a ji laushi, ya zille gefe, ba zafi. Akwai wanda ake yawan rikita su da shi, ƙulli mai ɗan tauri da baƙin ɗigo a tsakiya, wanda in an matse yake fitar da wani farin abu mai kauri da wari. Wannan jaka ce a cikin fata, kuma muddin ba a cire jakar duka ba sai ta sake cika, shi ya sa sakiya ba ta raba mutum da ita. Tusar jaki ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma a jikin yara mafi yawanta kan ɓace da kanta cikin shekara 2. Tawadar Allah ƙarama mai launi ɗaya da kewaye tsaf, wadda ta zauna yadda aka san ta tun ƙuruciya, barinta ya fi taɓa ta. Duk waɗannan halinsu ɗaya ne: ko dai sun tsaya cik, ko suna girma a hankali ƙwarai, kuma ba sa fashewa ko zubar da jini haka siddan. Ran da kullutun da ake ce wa na kitse ya haura santimita 5, ya yi tauri, ya kafe ba ya motsi, ko ya ninka cikin 'yan watanni, to ya fita daga wannan sahu.

Tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira kiloid, yana bukatar a ɗan dakata a kansa, don shi ya fi kowanne tsorata mutane. Yakan biyo bayan hujin kunne, tsaga, ƙurajen aski a ƙeya, ƙuna ko tiyata, ya taso da tauri da sheƙi, ya zarce iyakar raunin da ya haife shi, yana ƙaiƙayi, wani lokaci da suka. Duk muninsa ba daji ba ne, kuma yanke shi kawai ba dabara ba ce, domin sau da yawa yakan dawo ya fi na da. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da allurar da ake yi a cikin tabon. Tambayar da ta kamata a yi a nan ɗaya ce, shin akwai raunin da ya riga shi? Idan abu mai kama da kiloid ya tsiro a ƙirji ko ciki ko kafaɗa ba tare da an tuna wani rauni ko ƙurji a wurin ba, yana ta fitar da ƙulle-ƙulle shekara bayan shekara, bai kamata a yi ta zuba masa allura ba sai an gwada shi, domin akwai wata sankara ta cikin fata mai tafiyar hawainiya da takan zo da wannan kama.

Mai karatu zai iya cewa ai sankarar fata ciwon Turawa ce, mu da Allah ya rufa mana asiri da baƙar fata me ya haɗa mu da ita? Rabin maganar gaskiya ne. Sinadarin melanin da ke ba fata duhu yana tare wani ɓangare na hasken rana mai lalata ƙwayoyin fata, kuma ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta nuna cewa a can kusan Bature 1 cikin 33 zai gamu da melanoma, sankarar fata mafi kisa, a tsawon rayuwarsa, alhali cikin baƙaƙe 1 ne cikin 1,000. Sai dai ƙididdigar tana da ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Cikin Turawa 100 da suka kamu, sama da 90 na nan da rai bayan shekara 5. Cikin baƙaƙe 100, kusan 70 ne kawai. Wannan a ƙasar da asibiti ke ko'ina ke nan. Babban dalili shi ne jinkirin ganowa, kuma jinkirin yana da tushe: irin melanomar da ta fi kama baƙar fata ba ruwanta da rana, tana fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba mai zaton daji a cikinsu. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka ga wani duhu a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗauka rauni ne na ƙwallo. Da aka gane ko mene ne, likitoci suka ba da shawarar yanke yatsan, bai yarda ba. Ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 11 ga Mayun 1981 yana da shekara 36.

To yaya wannan melanoma take a ido? A farkonta tabo ne shimfiɗaɗɗe, ruwan ƙasa ko baƙi, ba tudu, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Gefensa ba a daidaice yake ba, kamar tawadar da ta ɗiga a tsumma ta nashe ta ko'ina, kuma launinsa ba ɗaya ba ne, nan baƙi ƙirin, can fatsi-fatsi, wani wurin toka-toka. Yakan yi watanni ko shekaru yana faɗaɗa a kwance kafin ya soma nutsewa, sannan ya yi tudu, ya fashe, ya riƙa ɓata safa ko takalmi da jini. Manomin da ya saba da faso da kanta da sukar ƙaya zai ce ai ƙaya ce ta karye a ciki, mai ciwon suga ya ce gyambon suga ne. Gaskiya ne baƙaƙe da yawa suna da 'yan ɗigo masu duhu a tafin ƙafa, ƙanana, da yawa, masu kama da juna, kuma ba komai ba ne. Wanda za a sa wa ido shi ne wanda ya fita daban da 'yan'uwansa, ko wanda ya bayyana bayan mutum ya manyanta ya ci gaba da faɗi. A farce ma haka abin yake. Siraran layuka masu duhu a farata da yawa abu ne da aka saba gani a jikinmu. Amma layi guda a farce guda, musamman babban yatsa, da ya haura milimita 3 a faɗi, yana ƙara buɗewa, ko duhun ya tsallaka ya hau naman da ke kewaye da farcen, wannan na likita ne. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe yana da alamar da ke wanke shi: yana tafiya gaba tare da girman farce, bayan wata 2 ko 3 sai a ga sabon farce mai tsabta ya biyo shi daga tushe. Duhun da ya kafe a tushe bai gusa ba, ba jini ba ne. Musulmi yana wanke ƙafarsa yana tsattsefe yatsu a kowace alwala, saboda haka ba wani sabon aiki ake nema ba, juya tafin kawai za a yi a kalla da haske. Mata kuma su duba kafin a ɗora lalle, don lalle na rufe daidai wuraren da ake magana.

Akwai wata ƙa'ida da likitocin fata na Jami'ar New York suka fitar a 1985, aka ƙara mata rukuni na biyar a 2004, ita ce ta cika littattafai da intanet. Tana cewa a zargi tabon da ɓarinsa biyu ba su yi daidai ba, gefensa ya yi zigi-zaga, launinsa ya gauraya, faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana sauyawa. Ƙa'ida ce mai amfani, amma don tawadar da ke bayan Bature da kafaɗarsa aka tsara ta, kuma hotunan da ake koyar da ita da su kusan duka na farar fata ne. Wanda ya haddace ta ya tsaya nan zai rasa sankarar da ta fi yawa a cikinmu, domin ita wannan ba ta zuwa da siffar tawada ko kaɗan.

Da siffar gyambo take zuwa. Likitan fiɗa na Faransa Jean-Nicolas Marjolin ya rubuta a 1828 game da miyagun gyambuna da ke tasowa cikin tsofaffin tabo, kuma har yau da sunansa ake kiransu. Yaro ya faɗa wutar jin ɗumi da hunturu, ko mai farfaɗiya ya faɗa murhu, ƙunar ta warke da kanta ba a yi dashen fata ba, ta bar tabo siriri mai tsagewa duk lokacin da gwiwa ko gwiwar hannu ta lanƙwasa. Yau ya fashe, gobe ya rufe, haka har shekara 20 ko 30 ko fiye. Fatar da ke ta gyaran kanta ba hutu, wata rana gyaran kan kuskure, ƙwayoyinta su koma na daji. Haka yake faruwa da tsohon gyambon ƙwauri da ramin da ƙashi mai ruɓa ke tsiyaya ta cikinsa. Alamun juyawar a bayyane suke ga mai lura: bakin gyambon ya yi kauri ya taso ya murɗe waje, tsakiyarsa ta tsiro da nama mai gudaji-gudaji, ya riƙa jini da an taɓa shi da auduga, warinsa ya sauya, ko kaluluwa ta fito a matsematsi mai tauri wadda ba ta zafi kuma ba ta sauka. Masu cewa tunda ba ya ciwo ba komai, a nan hujjarsu ke rushewa. Tabo ba shi da wadatar jijiyoyin jin zafi, don haka daji kan yi nisa a cikinsa mutum na harkokinsa. Maruru, da ke hana barci da zogi, kwana kaɗan ne ya nuna ya fashe ya warke. A fata, zafi ya fi zama alamar ƙwayar cuta. Daji sai ya ci ƙarfin wuri yake soma ciwo. Ba kowane gyambo ne daji ba, suga da sikila da matsalar jijiyoyin jini duk suna hana rauni rufewa, amma gyambon da aka yi wata 3 ana wanke shi ana ba shi magani yadda ya kamata bai ja baya ba, lokacin gwaji ya yi.

Zabiya lamarinsu daban ne, kuma a ganina nan ne sakacinmu ya fi muni, domin nasu ciwon ana iya hana shi tun kafin ya zo. Ana ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara ana samun zabiya 1 cikin mutum 5,000 zuwa 15,000. Ba su da melanin ɗin da ke kare sauran, ga rana irin tamu. Tun suna samari ake ganin wasu ɓawo-ɓawo masu kaushi a goshi, saman kunne, leɓen ƙasa, ƙeya da bayan hannu, waɗanda yatsa ke ji kafin ido ya gani. A wannan mataki ba su zama daji ba, kuma likita na iya kashe su cikin mintuna da sinadari mai tsananin sanyi ko da wani man shafawa na musamman. In aka bar su, wasu kan zama ƙulli mai rami a tsakiya, ya ci kunne ko hanci ko kumatu, mutum bai kai shekara 40 ba. Cibiyar horar da likitocin fata da ke Moshi a Tanzaniya ta daɗe tana bin zabiya har yankunansu tana duba su, har man kare rana ake haɗa musu a can. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kansu, amma taron shekara-shekara ba ya tare rana. Malfa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu, man kariya, da cire yaro daga tallan tsakar rana ko kiwo zuwa sana'ar inuwa, su ne ke ƙara masa shekaru.

Saura guda da ya kamata a sani. Sankarar Kaposi, da aka sa wa sunan likitan da ya bayyana ta a birnin Biyana a 1872, wata ƙwayar cuta ce da aka gano a 1994 ke haddasa ta, kuma ta fi samun dama idan garkuwar jiki ta faɗi. A littafi ana cewa shuɗi-ja ce, amma a fatarmu baƙi-baƙi take fitowa, tabo ko ƙulle-ƙulle da yawa marasa zafi, galibi a ƙafa tare da kumburi mai tauri, wani lokaci a dasashi ko ganɗa. Duk wanda ya ga haka ya yi gwajin cutar ƙanjamau ba tare da jin kunya ba, domin maganin ƙanjamau kansa yakan sa ta ja da baya.

Babbar hujjar da ke tsare mutane a gida ita ce maganar nan da kowa ya sha ji, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya haukace. Bai kamata a yi wa masu faɗin haka dariya ba, don abin da suka gani suke faɗa: an kai wane asibiti, an yanka, bayan wata 4 ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon ya riga ya isa hanta da huhu tun kafin a ɗauki wuƙar, saboda shekara 2 da aka yi ana shafe-shafe. Sun kuma ga wanda aka yanke masa ƙari a gida, ƙarin ya dawo ya fi da, kuma dole ya dawo, tunda saman aka shafce aka bar saiwar. Ilimin da ake da shi ya nuna akasin wannan tsoro. Tun 1970 wani likita a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa makomar mai melanoma tana rataye ne ga zurfin da ta yi a fata ranar da aka cire ta. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, yanka kaɗai kan wadatar. Wadda ta haura milimita 4, haɗarin bazuwarta babba ne. A ƙididdigar Amurka, kusan 99 cikin 100 na waɗanda aka cire wa tun tana wuri ɗaya suna raye bayan shekara 5, waɗanda ta riga ta bazu musu kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Tazarar da ke tsakani 'yan milimita ce, kuma jira ne ke cike ta.

Wani kuma zai ce, da hujjarsa, in kowa ya kwashi tawadarsa ya nufi asibiti, ina kuɗin, ina likitocin, kuma ba tsoro kawai za a shuka wa jama'a ba? Shi ya sa aka fara da marasa laifi. Ba a ce kowa ya tafi ba. Mai ɗigon fuska da mai tusar jaki da mai kullutun da ya shekara 10 bai motsa ba su kwantar da hankalinsu, su ma adana kuɗin da suke zubarwa a kan mayuka. Wanda ke shakka yana da hanya mai arha: ya ajiye ƙwayar ashana kusa da tabon ya ɗauki hoto da waya, ya sake bayan wata guda a haske iri ɗaya, ya gwada. Amma wanda nasa ke tafin ƙafa yana faɗi, ko yana jini ba dalili, ko ya fashe ya ƙi rufewa har mako 4 zuwa 6, ba shi da sauran jiran hoto. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma kima kawai ya sani. Ƙwararren likitan fata ma zargi yake yi da ido, hukunci na mai duba nama a madubin likita ne. Aikin ba mai girma ba ne. Ana kashe zafin wurin da allura, a ɗauki ɗan nama ko a cire tabon duka idan ƙarami ne, a sa a kwalbar magani a aika ɗakin gwaji. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos duk suna wannan aiki, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na yanke ƙafa da gashin ƙashi da zaryar da ke biyo bayan jinkiri ba.

Mafi munin abin da za a yi wa ƙarin da ake zargi shi ne a ƙona shi da sinadari mai ci, ko a ɗaure shi da zare har ya faɗi, ko a yanke a jefar. Ciwon yana nan a ƙasa, shaidar da za ta tona shi kuma an salwantar da ita. Wannan kira bai tsaya kan wanzamai ba, ya haɗa da ƙananan asibitocin da ke cire ƙari su zuba a kwandon shara, da masu kemis da ke wanke gyambo guda shekara da shekaru ba su taɓa cewa a je gaba ba. Kai kuma mai karatu, duk ranar da za a yanke wani abu daga fatarka ko ta wani naka, ka tambayi likita tun kafin a fara ko za a aika naman gwaji, sannan ka koma ka karɓi takardar sakamakon da hannunka.